Ɗaya Bisa Goma

Shekara ashirin da shida motar ta yi a bayan garejin, lulluɓe da tamfol. Sau huɗu rana da ruwan sama suka cinye tamfol ɗin, sau huɗu Ma'auni ya sayo sabo, amma ko sau ɗaya bai yaye tsohon ba. Sai dai ya shimfiɗa sabo a kan ruɓaɓɓe, ya ɗaure da waya, ya kakkaɓe hannu ya koma bakin aikinsa. Makanikan garejin suna cewa son motar ne ya yi masa yawa, shi kuwa bai taɓa gyara musu zance ba.

Ma'auni mai walda ne, kuma ba iyayensa suka raɗa masa sunan ba. Abokan aiki suka liƙa masa tun yana saurayi, don ko guntuwar waya zai yanka sai ya auna sau uku, ya rubuta, ya sake aunawa. Ana tsokanarsa cewa ranar da ya je neman aure da tef ɗin awo ya tafi a aljihu. Matarsa in an tambaye ta sai ta ce ai gaskiya ne, ita dai har yau ba ta sani ba ko ta cika awon ne ko haƙuri ya yi. Amma tsokana daban, aiki daban. Duk direban da ke garin ya san ƙarfe yana iya karyewa sama da waldar Ma'auni ko ƙasa da ita, ban da a kanta. Da wannan suna ya ci, da shi ya sha, da shi ya aurar da 'ya'yansa.

Da girma ya kama shi, baya ya ƙi sunkuyo, ido ya daina jure hasken walda, sai ya koma wani benci a kusurwar garejin yana ƙera ƙananan motoci. Ba irin na wasan yara ba. Da fallen tagulla da farin ƙarfe yake yin su, komai ɗaya bisa goma: abin da ya kai santimita goma a babbar mota, ɗaya ne a tasa. Ƙofofi suna buɗuwa, bonet yana ɗaguwa, in ka murza sitiyari da ɗan yatsa tayoyin gaba su juya. Ya yi tifa, ya yi bas, ya yi motar kashe gobara. Wadda ke bayan garejin ce kaɗai bai taɓa yi ba, alhali duk garin babu mai kyanta.

Tsohuwar motar tsere ce, ba rufi, kujera biyu, ga dogon hanci, koriya irin koren kwalba, da lamba goma sha huɗu a cikin farar da'ira a kowane gefe. Wani mai masana'antar sabulu ne ya sayo ta da tsufanta, don a lokacin masu hali sukan taru ƙarshen mako a wani tsohon filin jirgi su yi tsere. Mai sabulu yana da halin sayen mota, ba shi da zuciyar tuƙa ta, ga tumbin da ba ya shiga bayan sitiyarin. Saboda haka direbansa ke tuƙawa, wani siriri mai yawan dariya da ake kira Walƙiya, aminin Ma'auni tun suna koyon aiki.

Wata Asabar da hantsi, a kwana ta uku ta hanyar tseren, motar ba ta sha kwana ba. Ta miƙe ɗoɗar ta daki katangar siminti. Waɗanda suka gani suka ce kamar saita ta aka yi. Maƙwabta kuwa da safiyar nan sun ji matar Walƙiya, wadda ta gaji da zaman fargaba duk Asabar, tana ɗaga murya cewa in ya fita ya hau motar nan kada ya dawo mata gida. Bakin mutane bai ɓata lokaci ba wajen ɗinke maganar biyu. Kafin kwana uku gari ya gama yanke hukunci: da gangan ya yi, baƙin cikin matarsa ne. Ba wanda ya faɗa a gabanta, kuma ba sai an faɗa ba, don ita ce ta fara yarda. Mai sabulu ya ce a kai motar duk inda aka ga dama, shi dai kada ya sake ganin ta. Aka jawo ta garejin, Ma'auni ya rufe.

To, yanzu an sayar da filin garejin, za a gina shaguna. An ba su zuwa ƙarshen wata su kwashe komai, masu sayen tsofaffin ƙarafa har sun zo sun leƙa. A cikin makon ne 'yar Walƙiya ta shigo. Shekararta huɗu lokacin da abin ya faru. Yanzu koyarwa take a makaranta, kowa Malama yake ce mata, har Ma'auni da ya sha ɗora ta a wuya tana ƙarama.

"Kawu, an ce za a sare motar Baba."

"Haka suka ce, 'yata. Zauna mana. Goge kujerar tukuna, kada ta ɓata miki kaya."

Ba ta zauna ba. Ta ciro wani tsohon hoto daga jaka ta miƙa masa. Uban ne ya jingina da motar yana dariya, amma shi mai ɗaukar hoton, mutumin ya sa a gaba, hancin motar da bayanta duk sun fita daga hoton.

"Ina so ka yi min ita ƙarama. Yadda take kafin ranar."

"Ido fa ya tafi, Malama. Jiya rabin awa na yi ina neman noti, ashe yana hannuna."

"Wancan bas ɗin da ke kan benci wa ya yi shi? Aljanu?"

Ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba.

"Mama ba za ta sani ba, a ɗakina zan ajiye," ta ce. "Kawu, kowa yana da abin da ubansa ya bar masa. Ni abin da nawa ya bar min shi ne a ce ya gwammace katanga da mu. Ina son wani abu nasa da zan iya ɗorawa a kan tebur in kalla."

Ma'auni ya nemi wata mafaka ya rasa. Ya ce to.

Washegari da safe ya kwance wayoyin. Tamfol biyar, na ƙasa sun manne da juna, suna yagewa a hannu kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Ɓeraye sun cinye kujerun, zanzaro ya yi gida a jikin gilashin mita, tayoyin sun zauna a ƙasa sun tsattsage. Gefen dama na gaba ya murƙushe har zuwa injin. Gefen hagu kuwa yana nan, fentin ya dusashe amma lambar tana karantuwa. Ya daɗe a tsaye yana kallo, har wani makanike ya tambaye shi ko lafiya, ya ce ƙura ce ta shiga masa ido.

Dabarar aikin mai sauƙi ce. Mota gefenta biyu iri ɗaya ne, saboda haka zai auna hagu, ya mayar wa dama. Ya ɗauko littafinsa da fensir da tef, ya fara daga hanci. Tsawon bonet, faɗin fitila, tazarar taya da taya, lanƙwasar marfin taya a wuri bakwai. Kowane awo sai ya rubuta, ya raba goma, ya rubuta a gefe. Kwana biyu yana wannan, kuma gaskiya ya ji daɗin aikin fiye da yadda ya zata, don motar an yi ta da hankali, babu layi ɗaya a jikinta da aka ja a banza.

Da wani ne, da nan ya tsaya. Wa zai kifa ƙaramar mota ya duba cikinta? Amma Ma'auni ba ya ƙera abin da bai auna ba, kuma motarsa in ba ta shan kwana, ba mota ba ce. Rana ta uku ya sa aka ɗaga gaban da jak, ya shimfiɗa kwali, ya kwanta da ƙyar yana nishi, ya ja jiki ya shiga ƙarƙashi.

Akwai sanda biyu na ƙarfe da ke ɗaukar juyin sitiyari su kai wa tayoyin gaba, ɗaya hagu ɗaya dama. Ta hagu lafiyarta ƙalau, ya auna: santimita arba'in da biyu. Bai da dalilin kallon ta dama. Ya kalla.

Ta rabu biyu. Wannan ba abin mamaki ba ne a motar da ta daki katanga. Amma ƙarfen da bugu ya karya, lanƙwashewa yake yi tukuna, ya murɗe, ya yage, bakinsa ya yi kaca-kaca. Wannan kuwa duka guntayen biyu a miƙe suke sambal. Ya kai hannu ya kankare tsatsar da farce, sannan da wuƙa. A daidai inda ta rabu akwai walda. Ta waje ta yi kyau, layinta a jere, kowace ƙwara daidai da 'yar'uwarta. Ta ciki babu komai sai baƙin kashin walda da fuskar ƙarfe sumul, wadda wuta ba ta taɓa narkarwa ba. Ɗan siririn zobe ne kawai ya riƙe sandar, kaurinsa bai kai na farce ba.

Mai walda yana gane hannunsa kamar yadda mutum ke gane rubutunsa. Ma'auni bai buƙaci tabarau ba.

Juma'a ce da la'asar, jajibirin tseren. Sandar ta tsage, sabuwar da aka aika a kawo ba ta iso ba. Walƙiya yana ta zarya a kansa, yana cewa ɗan liƙi kawai, na gobe kaɗai. Wutar lantarki ta yi ƙasa ranar, injin walda yana ta tari. Ga shi an aiko daga gida cewa matarsa tana naƙuda, an tafi da ita asibiti. Aikin yana son a feƙe bakin ƙarfen biyu ya zama kwari, a cika kwarin daga ciki zuwa waje, a bar shi ya huce a hankali. Aikin awa ɗaya ne. Ya yi shi a minti goma: ya haɗa baki da baki, ya zagaya ta waje, ya goge, ya shafa baƙin fenti.

"Zai riƙe kuwa?" in ji Walƙiya.

"Ni fa na yi," ya ce, yana wanke hannu.

Ko ya sani duk shekarun nan? Ya sani, bai sani ba. Mutum ba ya shimfiɗa tamfol biyar a kan abin da bai jin tsoro. Amma zato yana barin mutum ya yi barci, gani da ido ba ya bari. Yana kwance a kan kwalin, tsatsa tana zubo masa a fuska, ya ga abokinsa a kwana ta uku yana murza sitiyari iya ƙarfinsa, taya ɗaya ta bi, ɗaya ta ƙi. Ba katanga ya zaɓa ba. Gida yake son komawa ya ba matarsa haƙuri, kamar yadda ya saba duk Asabar.

Ya nemi sifana, ya kwance guntayen biyu, ya naɗe su a tsumma ya sa a jakarsa. Kwana huɗu yana yawo da su. Ya kai su gida, ya dawo da su gareji, ya sake kai su gida. Sau ɗaya har ya kama hanyar gidan matar Walƙiya, da ya hango ƙofar sai ya tsaya wajen mai faci ya tambayi kuɗin iska, shi da ko keke bai da shi.

Rana ta biyar babbar motar masu ƙarafa ta zo. Suka sa wuta suka yanka koriyar motar gida huɗu, suka loda ta tare da tsofaffin injuna da ƙofofi da duk tarkacen garejin. Direban ya tayar, ya leƙo ya ce, "Baba, akwai saura?" Ma'auni ya buɗe jaka, ya cilla tsumman can tsakiyar kayan. Ya ji ƙarar faɗuwarsa. A faɗi gaskiya, ba ruɗewa ba ce, ba kuma tsufa ba. Tsoro ne tsagwaronsa. Ya tuna sunansa, ya tuna yadda Malama ke ce masa Kawu, hannunsa ya yanke shawara kafin zuciyarsa ta buɗe baki. Daga nan kai tsaye ake wucewa da kayan wurin narkarwa.

Ya kwashe bencinsa ya koma barandar gidansa, a nan ya fara ƙirar. Ya sassaƙa jikin motar da katako tukuna, santimita talatin da tara daga hanci zuwa baya. Ya ɗora fallen farin ƙarfe a kan katakon yana bugawa da 'yar guduma mai kan roba, kaɗan-kaɗan, har ƙarfen ya ɗauki siffa. Marfin taya na hagu sau uku yana lalacewa. Tayoyin motar masu waya ne irin na keke, sittin a kowace taya, sai ya warware igiyar birkin keke ya zare siraran wayoyinta, yana sa ɗaya-ɗaya da hantsaki. Kujeru ya yanka daga tsohon walat ɗinsa. Gilashin fitila ya samo wurin mai gyaran agogo. Koren fenti sau bakwai yana haɗawa kafin ya yarda da shi.

"Wannan mota ko amarya ce sai haka," in ji matarsa, ta ajiye masa abinci a gefen benci. "Ni da aka kawo ni ba a yi min fenti bakwai ba."

Da can zai mayar mata da magana, su yi ta yi. Yanzu sai ya ce, "Hmm." Ta dawo ta tarar abincin ya huce, ƙuda na bi. Ta tsaya ta dube shi sosai, ta ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Baban yara, me ke cin ka?"

"Aiki ne."

"Shekara arba'in ina ganin ka da aiki, ban taɓa ganin ya hana ka cin abinci ba."

Ya ci gaba da bugun ƙarfensa, ita ma ta ɗauke kwanon ta shige.

Da ya zo kan sandunan sitiyari, ya yanko waya biyu, kowace santimita huɗu da ɗigo biyu, ba su fi ashana ba. Ya lanƙwasa bakinsu, ya ɗaura. Ya sa ɗan yatsa ya murza sitiyarin, tayoyin biyu suka juya tare, a hankali, cikin biyayya. Ya murza hagu, ya murza dama. Abu ne da ya yi a motoci fiye da ashirin yana jin daɗi, amma ranar sai ya janye yatsa ya rufe motar da tsumma.

Malama ta zo ganin aiki a mako na biyar. Ta tsuguna gaban bencin, ta taɓa lambar da bakin yatsa.

"Ashe haka take da kyau."

"Haka take. Ya jikin Mamanki? An ce ba ta jin daɗi."

Malama ta zauna a dakali ta cire tabarau. "Zuciya ce. Ƙafafu sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Likita ya ce mu kai ta gida mu kula da ita, ka san abin da hakan ke nufi." Ta goge tabarau ɗin, ta ci gaba. "Ba ciwon ke damuna ba, Kawu. Shekaranjiya ta ce min ita ba mutuwa take tsoro ba, haɗuwa da Baba take tsoro. Wai me za ta ce masa? Ka san tun da na yi wayo ban taɓa jin Mama ta ɗaga murya ba? Ko wuta na taɓa ina yarinya, a hankali take cewa bari. Ta ce bakinta ya riga ya kashe mutum ɗaya."

Ma'auni ya riƙe gefen bencin. Yarinyar nan ta tashi a gidan da ba a dariya da ƙarfi, matar nan ta binne kanta da rai tun tana da shekara ashirin da bakwai, duk don shi ya yi saurin minti hamsin. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, har fatar jikinsa ta yi masa nauyi. Malama ta ɗauka tausayi ne, ta ce ya yi haƙuri da ta tayar masa da hankali.

Kwana uku ya ƙarasa motar. Ya sa ta a kwali, ya sa rigarsa ta fita, ya tafi da rana tsaka don kada ya sami lokacin canza shawara. Malama ce ta buɗe ƙofa, ta ga kwalin, ta zaro ido.

"Kawu, ai mun ce ba za ta gani ba."

"Yau za ta gani."

Ɗakin yana warin magani da man zafi. Matar Walƙiya tana jingine da filo uku, fuskarta ta faɗa, ƙafafunta a kan kujera. Da can matarmu yake ce mata, ita kuma ta ce masa ɓarawon miji, don kullum shi ke riƙe Walƙiya a gareji. Rabon da su yi wannan wasa tun kafin ranar.

"Ma'auni, kai ne da rana haka?" ta ce a hankali. "Ba shi kujera."

Ya zauna, ya buɗe kwalin, ya ɗora motar a kan ɗan teburin da ke gefen gadon, tsakanin kwalaben magani. Ta kalle ta. Numfashinta ya canza, amma ba ta kau da kai ba.

"Matarmu, magana na zo da ita. Ki bari in kai ƙarshe, don in na tsaya ba zan iya ci gaba ba."

Ya kifa motar ya nuna mata 'yar sandar dama da bakin fensir. Ya faɗi komai: tsagewar, wutar da ta yi ƙasa, naƙudar matarsa, minti goman, baƙin fentin, abin da Walƙiya ya tambaya da abin da shi ya amsa. Ya faɗi abin da ya gani a ƙarƙashin motar. Ya zare sandar daga gurbinta da farce, ya murza sitiyarin, taya ɗaya ta juya, ɗaya ta tsaya tana lilo.

"Kin gani? Ya juya. Wallahi ya juya, motar ce ba ta bi shi ba. Ba maganarki ba ce. Hannuna ne."

Malama tana tsaye a bakin ƙofa, hannu a baki. Ma'auni ya sunkuyar da kai yana jiran abin da ya cancanta, zagi ko tsinuwa ko a ce ya fita. Har wani sanyi ya fara ji a ƙirji, irin na wanda aka matse wa ƙurji.

"Ina ƙarfen?" matar ta tambaya.

"Na'am?"

"Ƙarfen da ya karye. Ina yake?"

"Na jefa shi a motar masu ƙarafa. Tsoro na ji. An narkar."

Ta ɗan yi murmushi, na gajiya, ta gyara kanta a kan filo.

"Kai, Ma'auni. Kai da ko kwalin ashana ba ka yarwa." Ta ja numfashi. "Shekara ashirin da shida kowa da irin tasa. Yayana ya ce taya ce ta fashe. Mai sabulu ya aiko a ce min mai ne ya zube a hanya. Wata ta ce rana ce ta haske masa ido. Duk na ji, na gode musu. Amma taka ta fi ta kowa, don kai har kanka ka sa a ciki."

"Ba ƙarya nake ba. Na rantse da..."

"Kada ka rantse." Ta ɗaga hannu da ƙyar. "Kada ka ɗauki zunubi saboda ni, ga ka da tsufa. Waldarka? A garin nan? Ka je ka faɗa wa wanda bai san ka ba. Shi da kansa yakan ce in kai ka taɓa ƙarfe, ido rufe zai tuƙa."

"Shi ya sa ya mutu!" Muryarsa ta fashe. "Shi ya sa!"

"Ni na ga fuskarsa da zai fita, kai ba ka gani ba," ta ce. "Yarinya ta gaya maka ina tsoro, ka zauna ka ƙera min wannan. Allah ya saka. Ka mayar mata da sandar, kada ka ɓata mata mota."

Ta rufe ido, ta juya fuska bango.

Malama ta raka shi har bakin titi. Tana kuka, ta riƙe hannunsa da hannu biyu, abin da ba ta yi ba tun tana ƙarama.

"Kawu, ban taɓa ganin wanda ya zubar da sunansa a ƙasa don wani ya taka ba sai yau."

"'Yata, ki saurare ni. Gaskiya na faɗa. Ni na kashe ubanki."

"Na sani, Kawu, na sani," ta ce, da irin muryar da take lallashin uwarta ta sha magani. "Je ka huta. Ka rame da yawa."

Ya koma washegari, aka ce tana barci. Ya koma jibi da zanen sandar a takarda, da awo da komai, Malama ta karɓa ta ninke ta ce ya isa haka, kada ya wahalar da kansa. Ya je wurin narkar da ƙarfe a bayan gari, mai gadi ya nuna masa tarin sandunan gini sababbi, ya ce duk abin da ya shigo watan jiya ga shi can, in zai iya gane nasa ya ɗauka.

Rana ta tara da safe Malama ta zo da kanta. Tun daga yadda ta tsaya a bakin baranda ya gane uwarta ta rasu. Matarsa ta fito ta rungume ta, suka yi kuka, shi yana zaune a bencin da babu komai a kai. Da ta natsu ta matso ta durƙusa a gabansa.

"Ta bar maka saƙo, Kawu. Hankalinta ƙalau har ƙarshe. Ta ce in ce maka ta gode, ba ta taɓa sanin kana ƙaunarsu haka ba."

Ta share hawaye, ta ci gaba.

"Ta ce kuma kada ka damu da ba ta yarda ba. Ita ta san abin da ta yi, za ta je ta ba shi haƙuri da kanta."